Mai Kiran Barewa da Tiyon Shara

Idan ana neman wanda ya fi kowa kashe barewa a kwarin Glenmora, to Kelvin Dobbie ne, muddin dai da baki ake kashewa. A mashayar Glenys ya kashe ta a guje, ya kashe ta a kwance, akwai ma ranar da ya harbi biyu da harsashi ɗaya, ta uku kuma ta faɗi don firgita. Abin da ba wanda ya taɓa gani shi ne naman. Kullum ko wurin ya yi nisa da hanya, ko ya bar wa wani bawan Allah mai iyali, ko hazo ya sauko ya manta bishiyar da ya rataye shi a jikinta.

Ranar Litinin ta farkon watan Yuni, lokacin hunturu ke nan a can, sanyi ya riga ya kankama, dusar ƙanƙara ta rufe kan duwatsu fari fat. Ranar Asabar kuma za a yi bikin 'yarsa Shona da Tama, ɗan maƙwabcinsa Hemi Rata. An gayyaci mutum ɗari da ashirin. Dangin Hemi sun ɗauki nauyin haƙa ramin da za a gasa abincin a ciki, da duwatsun da za a ƙona a jera a ƙasansa, da dankali da kabewa. Nama kuwa na gidan amarya ne. Da yamma Kelvin ya turo ƙofar mashaya yana murza hannu, fuskar nan tasa kamar wanda aka naɗa sarauta.

"Glenys, zuba min. Yau na sallami mahauci."

"Ka sallame shi kamar yaya?"

"Na buga masa waya na ce ya riƙe shanunsa. 'Yar Kelvin Dobbie ba za a yi bikinta da naman kanti ba. Barewa za a ci, wadda ubanta ya harbo da hannunsa."

Hemi ya ajiye kofinsa a hankali. "Surukina, maimaita min. Kunnen nan nawa na hagu ba ya ji sosai."

"Barewa uku. Huɗu in ta kama."

Can kusa da murhu Murdo yake zaune, tsohon mai askin tumaki wanda ba garken da bai taɓa tsugunawa a kansa ba a kwarin. Ya tambaya da wace dabara za a samo barewa huɗu cikin kwana huɗu.

"Ruri," in ji Kelvin.

Kowa a nan ya san ruri. A watan Afrilu mazan bareyi kan cika duwatsu da gurnani suna neman mata, maharbi ya sa ƙaho a baki ya kwaikwaye su, sai namijin ya fito neman faɗa ya gamu da harsashi. Amma wannan a Afrilu ke nan.

"Kel, ruri ya wuce da wata biyu," in ji Murdo. "Mazan sun gama abin da ya kawo su, ba mai sauran bakin magana. Yanzu ciyawa suke nema."

"Haka namiji yake," in ji Hemi. "Da ya samu mata shi ke nan, sai shiru. Tambayi kowa a ɗakin nan."

"Ban da Kel," in ji Glenys.

Aka kwashe da dariya, shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce su ne ba su iya yaren bareyi ba. Su ihu kawai suke yi, shi kuwa zagi yake yi, kuma ba namijin da za a zagi uwarsa ya ci gaba da kiwo ko da a tsakiyar hunturu ne.

A gida matarsa Raewyn tana shafa wa kek ɗin biki farin sukari lokacin da ya yi mata albishir. Ta wanke hannu ta ɗauki waya. Matar mahauci ce ta amsa, ta ce ai naman har an raba wa wasu, maigidan kuma ya rufe shago ya tafi wajen 'yar'uwarsa sai mako mai zuwa. Raewyn ta ajiye wayar ta juyo.

"Kelvin, dube ni nan. Mutum ɗari da ashirin. Idan Hemi ya buɗe ramin nan ranar Asabar ba komai ciki sai dankali, kai zan sa a ciki."

"Ke dai ki nemo manyan faranti."

Ƙahon da yake da shi ya tsage tun bara, don haka ya shiga ɗakin ajiya ya zare tiyon injin shara mai zuƙe ƙura don ya maye gurbinsa. Ya sa baki ya gwada a tsakar gida. Karensu ya shige ƙarƙashin mota, bai fito ba sai da aka jawo shi.

Ranar Talata da sassafe ya hau dutse, bindiga a kafaɗa, tiyo a wuya. Ya yi awa uku yana hawa, yana tsayawa yana ruri, duwatsu suna mayar masa da abinsa. Wajen azahar ya gaji ya zauna bayan wani kututture ya yi shiru don ya ci burodi. To wannan shirun ne ya yi aiki. Sai ga bareyi uku sun fito daga cikin itatuwa, masu ƙiba, gashinsu yana sheƙi, tsakaninsa da su bai fi taku arba'in ba. Kelvin ya ɗaga bindiga, ya kai hannu zai ja sakatarta, ƙarfen nan da ake ɗana harsashi da shi. Hannunsa ya kama iska.

Kamar kowa, yana ajiye bindiga a kabad, sakatarta kuma a wani wuri daban, don haka doka ta ce. Sai dai kowa yana tunawa ya haɗa su kafin ya fita. Bareyin suka tsaya suna kallonsa yana lalube aljihu ɗaya bayan ɗaya, babbar cikinsu har da tauna. Da abin ya ishe shi ya ɗauki tiyo ya zage su, suka ranta a na kare suka gangara ƙasa.

"Ramammu ne," ya ce da Hemi, wanda ya tarar yana haƙa rami a bayan rumfar askin tumaki inda za a yi biki. "Fata da ƙashi. Na ji tausayinsu."

Hemi ya dubi bindigar, ya dubi gurbin sakatar da ke wayam. "Allah Ya saka maka, surukina. Ita ma bindigar na ga ta rame."

Sakatar a cikin gwangwanin biskit aka same ta, inda ya ɓoye ta don kada ɓarawo ya gane.

Ranar Laraba sanyin ya ninka. Ruwan kwanon kare ya daskare, Kelvin kuwa ya ce maharbi na gaske da dabara yake yaƙar sanyi. Ya sa riga huɗu, wando biyu, sannan ya cika gorar roba ta ɗumama gado da tafasasshen ruwa ya cusa ta cikin wando ta gaba, ya ɗaure da bel. Har tsakiyar dutse yana yabon kansa. Wajen tsallake wata wayar shinge ƙaya ta kama shi ta huda gorar, ya ji wani ɗumi mai daɗi yana gangara har cikin takalma. Daɗin bai kai minti biyar ba. Kafin ya yi ruri uku wandon ya sandare kamar katako, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa.

Haka ya sauko ƙafa a wawware, yana jefa su ɗaya-ɗaya. Hanyar gida kuma dole ta gaban majami'a, inda matan kwarin suke sauke furanni da kujeru daga mota. Glenys ce ta fara hango shi, ta dubi faffaɗan tabon da ke gaban wandonsa.

"Kel, me ka gani a can sama haka?"

"Ruwan gora ne."

"Lalle namijin nan babba ne. Ƙahonsa rassa nawa?"

"Na ce miki ruwan gora ne!"

"Ba komai, ɗan'uwa, kowa yana tsorata. Mu ba mu ga komai ba."

Kafin ya kai gida labarin ya riga shi, har da ƙarin cewa barewar ta bi shi.

Ranar Alhamis ya ce ya gane kuskurensa: bai hau sama sosai ba. Ya wuce inda itatuwa suka ƙare, dusar ƙanƙara har gwiwa, ya tsaya kan wani tsauni ya cika ƙirji ya saki ruri wanda shi kansa sai da ya ji tsoro. Can ƙasa a cikin kwari ya ji ƙarar bindiga sau ɗaya, jim kaɗan kuma wata, sannan wata. Ya yi tsaki ya ce ragwaye suna harbin zomo. Ya sake ruri.

Sai aka amsa.

Daga tsallaken rafi ne, murya mai kauri, doguwa, cike da fushi. Kelvin ya yi ruri, aka amsa. Ya zagi uwa, aka rama. Ya bi muryar nan awa huɗu, ya tsallake rafi da ruwan da ke yanka ƙafa kamar wuƙa, ya ja ciki cikin ƙaya, hularsa ta tafi da iska bai ko waiwaya ba. A ransa har ya rataye ƙahon a bangon mashaya, ya ga Murdo yana ba shi haƙuri. Da ya leƙa ta bayan dutsen ƙarshe, bindiga a ɗane, sai ga saniyar Murdo a cikin shinge, wadda aka raba da ɗanta jiya, ta miƙe wuya tana kuka. Murdo kuwa yana jingine da ƙofar shingen, kofin shayi a hannu.

"Sannu, Kel. Tun safe nake jin hirarku. Me take cewa ne? Ni ban iya yaren ba."

Kelvin ya sauke bindiga ya ce ai ya san saniya ce, gwada iska yake yi.

"To in kana sonta ka zo da manya, ba ta da miji."

Ranar Juma'a ya tashi maƙogwaro kamar an zuba masa yashi. Duk da haka ya hau. Ya yi ruri har ya koma tari, tarin ya koma wani ɗan siririn fito kamar na butar shayi. Ko sawun barewa bai gani ba, duwatsun sun yi tsit kamar an share su. A ƙasa kuwa bindiga sai tashi take yi jefi-jefi. Da la'asar ya zauna kan dusar ƙanƙara, a nan ne tsoro na gaske ya kama shi. Ba tsoron Raewyn ba, wannan ya saba. Shona ya tuna, yadda take tsaye jiya a falo ana gwada mata farar riga, ta ce masa, "Baba, ka tabbata dai?" shi kuma ya buga ƙirji. Gobe za ta zauna gaban dangin mijinta a ci gayan dankali saboda bakin ubanta. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har idonsa ya kawo ruwa.

Mai hankali a nan zai je ya faɗi gaskiya. Kelvin kuwa da ya gangaro ta bayan gonarsa, idonsa ya faɗa kan Kanar.

Kanar tsohon ragonsa ne, shekara tara, haƙora sun zube, mugun hali bai zube ba. Ba wanda bai tunkuya ba a kwarin, har limamin majami'a. Kelvin ya dube shi, ya dube shi, ya ce a ransa nama ai nama ne, in an sa kayan ƙamshi wa zai bambance? Kafin rana ta faɗi Kanar ya tunkuye shi na ƙarshe a cinya, shi kuma ya gama da shi a bayan rumbun ciyawa. Ya yanyanka, ya zazzage duk wani gwangwanin yaji da ganye da ke kicin, ya naɗe kowane yanki da ƙyalle ya ɗaure tam.

Da safiyar Asabar ya turo baro zuwa bakin rami, inda Hemi da 'yan'uwansa suke jera kwandunan dankali kan jajayen duwatsu. Muryarsa ta tafi gaba ɗaya, sai raɗa.

"Namiji ne. Ƙahonsa rassa goma sha biyu."

"Ina kan?"

"Ya faɗa rami."

Hemi ya kai hannu zai kwance ƙulli ɗaya, Kelvin ya doke hannun. "Sirrin haɗi ne. In iska ta shiga ya lalace."

Hemi ya ɗan shinshina, ya dubi ƙanensa, ƙanen ya dubi sama. "Yadda ka ce, surukina. Na ga dai barewar taka gajeriyar ƙafa ce." Suka jera ƙullin a gefe ɗaya, suka rufe da jiƙaƙƙun buhuna, suka tura ƙasa.

An ɗaura aure lafiya. Da rana jama'a suka cika rumfar askin tumaki, an share ta an jera tebura, an kunna murhu biyu, kowa da kwat a kan kayan ado. Kelvin ya hau kan wani akwati ya yi ta nuni da hannu yadda ya yi rarrafe, yadda namijin ya taso masa, yadda ya durƙusa ya saita. Rashin murya bai rage masa komai ba, rassan ƙahon ma ƙaruwa suka yi zuwa goma sha huɗu. Sannan ya yi wa kowa alama a fito waje a ga buɗe rami, don abu irin wannan ba a yin sa a ɓoye.

Aka kwashe ƙasa, aka ɗaga buhuna, tururi ya tashi. Kelvin da kansa ya kwance ƙullin farko.

To jama'ar nan ɗari da ashirin, in ka cire limami da mai ɗaukar hoto, kowa cikin tumaki aka haife shi. Warin tsohon rago kuwa ba yajin da ke rufe shi, zafi ma tayar da shi yake yi. Ya bugi layin gaba, suka ja da baya. Wata gwaggon ango ta toshe hanci da gyalenta.

Murdo ya matso da sandarsa, ya sunkuya, ya ja numfashi mai tsawo. Ya cire hula ya riƙe a ƙirji.

"Kanar ne."

Kelvin ya girgiza kai da ƙarfi, ya ɗaga hannu biyu a ka yana nuna ƙaho.

"Kel, shekara tara ina yi masa aski. Sau uku yana karya min haƙarƙari. Ko a kabari na ji warin nan na san shi."

"Allah Ya ji ƙan maza," in ji limami, yana shafa ƙugunsa. "Ni na yafe masa."

Dariya ta ɓarke kamar rumfar za ta rushe. Wasu suka zauna a ƙasa cikin kayan biki, Glenys ta riƙe ƙofar mota tana share hawaye. Kelvin ya buɗe baki zai kare kansa, ba abin da ya fito sai fiton butar shayi. Ya waiwaya ya nemi Shona. Tana tsaye cikin farar riga da babban kwat ɗin angonta a kafaɗa, ta rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunta suna rawa. Bai san kuka take yi ko dariya ba, kunya ta rufe shi har ya ji da ma ƙasa ta tsage.

Hemi ya buga cokali a jikin shebur.

"Jama'a, kada kowa ya tafi. Akwai rami na biyu a bayan tankin ruwa, kuma kafin a buɗe shi dole mu gode wa surukina. Kun san in sanyi ya yi tsanani bareyi suna neman gangarowa, amma suna tsoron gidaje. To bana an samu wanda ya hau sama ya yi kwana huɗu yana yi musu ihu da tiyon shara. Duk barewar da ke dutsen nan ta tattara nata ya nata ta sauko. Ni na samu biyu a gonata ranar Laraba. Murdo ya samu ɗaya yana zaune a kujera. Glenys ta samu ɗaya a bayan mashaya."

"Tana cin furannina," in ji Glenys.

"Raewyn kuma uku."

Kelvin ya juya a hankali ya dubi matarsa.

"Cikin kabejina," in ji Raewyn. "Na fito shanya ranar Alhamis na gan su. Da bindigar babana, daga bakin ƙofar kicin. Ko takalmi ban sa ba."

Ya matso kusa da ita, da ƙyar ya haɗa raɗa. "Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"In gaya maka ka sauko? Wa zai ci gaba da koro mana su?"

Aka buɗe rami na biyu, ƙamshi ya kori warin Kanar. Aka koma ciki aka zauna, faranti suka fara yawo, nama mai laushi yana rabuwa da ƙashi tun kafin wuƙa ta taɓa shi. Dangin ango suka ci suka ƙara, wani kawunsu ya miƙe ya ce bai taɓa cin naman biki irin wannan ba, aka ɗaga kofuna ana kiran sunan Raewyn. Shona ta zo ta bayan kujerar ubanta ta rungume wuyansa, idonta jawur don dariya.

"Baba, wallahi ba ka da dama."

Ya ji sanyi a ransa, har ya fara gyara zama. Ya jawo hannun Murdo ya raɗa masa cewa da ma shirinsa ke nan tun farko, koro su. Murdo ya ce ba ya ji, ya ɗaga murya. Kelvin ya bar maganar, ya miƙa faranti wajen tiren barewa da ke wucewa.

Raewyn ta ɗauke farantin, ta ajiye masa wani a gabansa. Baƙin yanki ne, mai kauri, kitse ya fara daskarewa a gefensa.

"Wannan na waɗanda suka harbo ne da baƙinsu," ta ce. "Kai ga naka. Ka ci a hankali, sauran zai shiga firiza, zai kai ka har bazara."

Kelvin ya sa wuƙa ya danna. Naman ya turje, wuƙar ta lanƙwashe.